Idan Likita Ya Ce A Bar Alkama

 Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda sunansa baƙo ne a kunnenmu, amma maganinsa yana cikin rumbunanmu tun zamanin kakanni. Likitoci suna kiransa siliyak. Duk wanda aka tabbatar yana da shi, abu ɗaya za a faɗa masa: daga yau ya bar cin alkama muddin ransa.

Ga mazaunin birnin Zariya, wannan magana tana da nauyi. Ku fito da sassafe ta Ƙofar Doka ku duba. Mai shayi ya jera burodi a kan tebur, mai fanke tana tsamewa daga kasko, ɗan makaranta yana jira a dafa masa Indomie. Da rana ga taliya da mai da yaji, da yamma ga gurasa wajen mai tsire. In biki ya zo kuwa, sai alkaki da dubulan da cincin. Dukansu da alkama ake yi. To, me mai ciwon zai ci? Bari mu fara da ciwon kansa.

Mene ne siliyak?

Duk matar da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san yadda ƙullun yake da danƙo, a ja shi ya miƙe bai tsinke ba. Garin dawa da na gero ba su yin haka. Abin da yake kawo danƙon nan shi ake kira gulutin. Yana cikin alkama, da sha'ir, da wani ɗan'uwansu da ake nomawa a ƙasashen sanyi.

Yawancin mutane suna cinsa lafiya lau. Amma akwai waɗanda in gulutin ya shiga cikinsu, sai garkuwar jikinsu ta ɗauke shi abokin gāba, garin yaƙi da shi ta ɓata bangon ƙaramin hanji. Bangon nan yana da 'yan ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. In ciwon ya daɗe sai su goge, hanjin ya koma sumul. Mutum yana ci yana ƙoshi, amma abincin wucewa kawai yake yi.

Shi ya sa za a ga yaro da aka yaye, ana ba shi burodi da biskit, sai ciki ya kumbura, ƙafafu su tsotse, yana zawo mai wari, ba ya girma kamar tsararsa. A wajen manya kuwa, wani zai yi ta fama da ƙarancin jini ko da ya sha maganin ƙarin jini, wani da gajiya da rama, wani da kumburin ciki, wani da ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. In an bar shi shekara da shekaru yana raunana ƙashi.

Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma babu hannun maye ko na kishiya a ciki. Yana bin jini. In mutum ɗaya yana da shi a gida, wajen 1 cikin 10 na iyayensa, 'yan'uwansa da 'ya'yansa yakan kasance da shi, don haka yana da kyau su ma a gwada su.

Yadda aka gane laifin alkama

Wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamun ciwon a 1888, ya kuma ce maganinsa yana cikin abinci, amma bai san wane abinci ba ne. Wanda ya warware wannan shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta auka wa ƙasar, burodi ya yi wuya. Sai ya ga yaran da suke da ciwon suna samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo musu. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa.

A yau masana suna ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da siliyak, da yawansu kuma ba su sani ba. A dā ana ganin kamar ciwon Turawa ne. Amma a 1999 aka buga wani bincike a kan 'ya'yan Sahrawi, 'yan gudun hijira a kudu maso yammacin Aljeriya, inda garin alkama ne babban abinci. Aka sami ciwon a jikin yara fiye da 5 cikin 100. Wannan a nan Afirka ne. Mu ma da cin fulawa yake ta ƙaruwa a gidajenmu, ya kamata mu san da shi.

Kada a bar alkama kafin gwaji

Ga wani kuskure da za mu guje wa. Kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci. Zawo da rama suna da dalilai da yawa a wurinmu: ruwa marar tsabta, tsutsar ciki, taifot, tarin fuka da sauransu. Likita ne zai rarrabe. Da fari ana gwada jini. In jinin ya nuna alama, a kan zura wani siririn bututu ta baki har hanji, a gutsuro ɗan ƙaramin nama a duba. Amma in mutum ya riga ya daina cin alkama makonni kafin gwajin, hanjin zai fara warkewa, gwajin kuma zai iya nuna kamar babu kome.

Mazaunin birni zai iya farawa daga asibitin da yake kusa, kamar na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ya roƙi a tura shi wurin likitocin ciki ko na yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda kuma ba shi da ciwon, babu dalilin da zai sa ya ƙaurace wa burodinsa.

Abin da za a bari, da abin da za a ci

Har yanzu babu ƙwaya ko allura da take warkar da siliyak. Maganin shi ne barin gulutin gaba ɗaya. Za a bar burodi, biskit, kek, fanke, gurasa, funkaso, alkubus, alkaki, dubulan, cincin, taliyar Hausa da ta leda, makaroni, kuskus na kwali, tuwon alkama da tuwon Semovita.

Jerin ya yi tsawo, amma ku dubi abin da ya rage. Dawa, gero, maiwa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, gujiya, rogo, doya, dankali, gwaza, babu gulutin a cikin ko ɗaya. Haka nama, kifi, ƙwai, nono, ganye da 'ya'yan itatuwa. Wato tuwon dawa da miyar kuka, tuwon shinkafa da taushe, faten tsaki da yakuwa, dambu da zogale, koko da ƙosai, alale, kunun tsamiya, kunun gyaɗa, fura da nono, duk nasa ne. A Turai da Amurka masu wannan ciwo suna biyan kuɗi mai yawa su sayi garin dawa da na gero a kanti. Mu kuwa da mudu muke awo a kasuwar birni, ga shi kuma a nan Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona ta daɗe tana fitar da ingantaccen irin dawa, masara, wake da gyaɗa.

Manya a cikinmu za su tuna 1987, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Burodi ya yi tsada, da yawanmu muka koma koko da ƙosai da safe, har aka ɗage hanin a 1992. Abin da muka yi don dole a lokacin, shi ne mai siliyak zai yi don lafiyarsa.

Inda alkama take ɓuya

A nan ne aikin yake. Ƙa'idar duniya ta ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo 1. Ɓurɓushin burodi da ya faɗa cikin kwano ya isa ya tā da ciwon, ko da mutum bai ji kome a ranar ba.

Na farko, injin niƙa. In an niƙa wa wata alkama, aka zuba dawarki a baya, garinki ya gauraye. Ki nemi injin da ba a kai masa alkama, ko ki roƙi mai injin ya wanke shi, ko a koma ga turmi don garin mai ciwon.

Na biyu, abincin saye. Ɗanwake na asali da garin wake da na rogo ko dawa ake yi, amma yanzu da yawa da fulawa suke yi. Wasu masu waina da sinasir sukan ƙara fulawa a ƙullu. Wata kuma a mai ɗaya take soya fanke da ƙosai. Ku yi tambaya, tambaya ba rashin kunya ba ce.

Na uku, kayan kanti. Lemon malta, garin shayi na gwangwani, dunƙulen miya da abincin jarirai na kwali, wasunsu suna da alkama ko sha'ir. A karanta rubutun jikinsu, wanda bai iya ba ya ba ɗan makaranta ya karanta masa. In ana shakka, daddawa tana nan.

Na huɗu, kicin ɗinmu. A ware wa mai ciwon rariya, muciya da kwanonsa. A fara dafa nasa kafin a taɓa fulawa. Abin da ya fi sauƙi ma, a riƙa dafa tuwon da kowa zai ci tare, don kada yaro ya ga kamar an ware shi.

In an kiyaye, yawanci cikin 'yan makonni zawo yakan tsaya, ƙarfi ya fara dawowa. Hanjin yara yakan warke cikin watanni, na manya yana iya ɗaukar shekara 2 ko fiye. A ci gaba da ganin likita, gama yana iya ƙara maganin jini ko na ƙashi. Samun sauƙi kuma ba izinin komawa ga burodi ba ne.

A gidan biki da wurin Jibin Ubangiji

Mun san al'adarmu. Ƙin cin abincin mutum kamar raini ne. Baƙo zai ce ya ƙoshi, uwar gida ta ce, “Haba ɗana, ko loma ɗaya.” Iyayenmu mata, ga mai siliyak lomar nan cuta ce. In ya ce ba ya cin alkama, ku gaskata shi, ku kawo masa fura ko gyaɗa. 'Yan zumuntar mata, in ana shirin biki ko taron godiya, a tanadi shinkafa ko alale a kwano dabam mai murfi.

Akwai kuma abin da yake damun masu bi ƙwarai, wato gurasar Jibin Ubangiji, gama da alkama ake yinta. Kada ɗan'uwa ya daina zuwa a ɓoye, kada kuma ya ci yana cutar da kansa don kunya. Ya je ya sami fasto ko dattawan ikkilisiya. A ikkilisiyar Katolika, wata wasiƙa daga Roma a 2003 ta yarda a ba irin wannan mutum gurasa mai ɗan gulutin ƙalilan, ko kuwa ya karɓi ƙoƙo kaɗai. Waɗansu ikkilisiyoyi kuma sukan tanadi gurasar da babu alkama a cikinta, a faranti dabam. Kowace ikkilisiya da tsarinta. Abin lura shi ne, ƙoƙon da aka tsoma gurasar alkama a ciki bai dace da shi ba.

'Yan'uwa, in akwai yaro a gidanku ko a maƙwabta wanda yake ci amma ba ya girma, ku kai shi asibiti, ku kuma ambaci sunan wannan ciwo ga likita. In akwai wanda aka riga aka hana shi alkama, ku taya shi ɗaukar kayan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, ya sa albarka a hatsinmu. Amin.