Masu Rubuta Manhaja a Abuja: Lada Na Raguwa, Furfura Ta Zama Laifi

Kayan aikin mai rubuta manhaja ba su da yawa: kwamfutar cinya, data, da wutar da ba ta ɗaukewa. A Abuja wasu na gina wa ma'aikatu da hukumomi shafukan rajista da na biyan kuɗi, wasu na yi wa bankuna da ƙungiyoyin agaji, wasu kuma suna ɗaki a Kubwa ko Lugbe suna yi wa kamfanin Turai ko Amurka aiki, barcinsu da tashinsu na bin agogon can.

Galibin aikin gyara ne. Kuɗi ya fita daga asusun mutum bai isa inda aka tura ba. Injiniya zai duƙufa yana bin rubutun layi-layi, rubutun da wani ya yi shekarun baya kuma tuni ya bar wurin, har ya gano kwanan watan da ya karkace ko alamar da aka manta. Irin wannan ido sai an daɗe ana raba dare ake samunsa.

Ga shi lada sai ja da baya take. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai albashin naira ya ga kuɗinsa sun narke, alhali kwamfuta da hayar sabar da dala ake lissafinsu. Ƙofar waje ma ta ƙuntata. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Microsoft ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas a 2024, ƙirƙirarriyar basira kuma ta kama ƙananan ayyukan da sabon shiga ke koyon hannu da su.

Batun shekaru ya fi ci mini rai. Tallar ɗaukar sababbin ma'aikata kan ce kada mai nema ya wuce 26 ko 27, a ƙasar da yajin aikin ASUU ya cinye wata takwas a 2022 kaɗai, ga shekarar bautar ƙasa. Wanda ya haura arba'in kuwa ba a faɗa masa kai tsaye. Ana tsoron zai nemi albashi mai tsoka, yana da iyali, ba zai kwana a ofis ba, sai a ce "za mu kira ka". A wajen maƙera da masu gini, babba ake nema idan aiki ya cije. Nan kuwa tura shi ake ya koma manaja ko ɗan kwangila, ko yana so ko ba ya so.

Shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 na son horar da mutum miliyan uku, kuma ina maraba da shi. Sai dai yaran nan na buƙatar wanda zai duba rubutunsu ya ce musu nan zai karye idan mutum dubu suka shiga lokaci guda, kuma masu wannan sanin su ne ake ture takardunsu gefe saboda shekarar haihuwa.