Gona taka ce, to iccen da ke cikinta fa?

Dattawan Maradi da Damagaram ba su manta da zamanin da mutum ke da gona amma ba shi da iko da gawon da ke tsakiyarta ba. Ka sare reshe guda don gyaran rumbu, ma'aikatan gandun daji su iske ka, sai tara. Wani lokaci har gatarin sai a tafi da shi.

Abin ya samo asali daga dokar daji da Faransa ta kafa a 1935. Bayan samun 'yancin kai, dokar 1974 ta bi sawunta: itatuwa irin su gawo, kuka, tsamiya da giginya ba a taɓa su sai da izini, ko a gonar gado suke. Niyyar mai kyau ce, amma ga abin da ta haifar. Manomi ya lura cewa in ya bar tsiro ya girma, ya jawo wa kansa ido ne. Sai ya riƙa sassabe gona ƙal tun tsiron bai kai gwiwa ba. Iska ta samu hanya, rairayi ya riƙa binne shuka, wasu sai sun maimaita shuka sau biyu ko uku a damina guda.

A 1983 wani ɗan Ostareliya da ke aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da ake sarewa kowace shekara saiwoyinsu na nan da rai. Ba sai an dasa ba. A zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a kare su daga bisashe. Wannan shi ne sassabin zamani. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, tunda ana ba da abinci a bakin aikin. Sai dai abin da ya riƙe shi bayan abincin ya ƙare shi ne sassaucin da aka samu: sannu a hankali aka bar manoma suna yankan abin da suka raina ba tare da fargaba ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 suka farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram.

Doka ta biyo baya. Kundin dokokin karkara na 1993 ya amince da mallakar gona ta gargajiya, aka sake dokar daji a 2004, sannan a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin moriyar iccen da ya raina.

To amma jama'a, a yi hattara. Sassauci ba ya nufin kowa ya ɗauki gatari. Itatuwan da doka ta kare suna nan a kare. Rage rassa daban, kayar da babban gawo daban, kuma kafin a kayar sai an nemi ma'aikatan muhalli. Wanda ya san gawo ma ba ya gaggawar sare shi: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su riƙe awaki.

Inda rigima ta fi tashi yanzu shi ne gonar aro da ta jingina. 'Yan uwanmu da ke Agadas, Kano, Libiya ko Abijan, da yawa sun bar gona a hannun ƙane ko maƙwabci. Shekara goma, mai aro ya raini itatuwa hamsin, mai gona ya dawo. Na wa ne? Kowa na da hujjarsa, kuma magana ta baki ba ta raba gardama in shaidu sun rasu. Akwai kwamitin filaye na ƙauye, wato COFOB, wanda mai gari ke shugabanta, yana ba da takardar aro, ta jingina da ta saye. A zauna a gabansa tun kafin sassabe, a rubuta wa zai yanki rassa, wa zai ɗebi 'ya'ya, kuma me za a ba mai aro ranar da zai saki gonar.