Rijiya a Maƙwabtan Juji: Me Ke Gaskiya, Me Ke Jita-jita?

Duk shekara idan marka ta sauka a Kano, maganar nan sai ta taso a unguwannin da aka cike kududdufansu da shara. Wani ya ce duk rijiyoyin unguwa sun zama guba. Wani ya ce ai ƙasa tana tace komai, haka iyayenmu suka sha suka rayu.

Gaskiya ne juji yana zubar da ruwa. Je ka gindin bola bayan ruwan Agusta, za ka ga wani baƙin ruwa kamar na karofi yana tsatsafowa, warinsa na hawa kai. Ruwan sama ne ya ratsa ruɓaɓɓen abinci, da bayan gida a leda, da matattun batura, da gwangwanayen fenti. Wanda ka gani ya bi kwata, sauran ya nutse. Kududdufi kuwa rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ba a shimfiɗa masa komai a ƙasa ba, kuma da damina ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso har ya haɗu da sharar.

Amma cewa kowace rijiya ta lalace, wannan ba haka ba ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma gangara yake bi, a hankali. Rijiyar da ke gangaren juji tana iya gurɓata ko da tana da ɗan nisa, ta kan tudu kuma ta tsira ko da tana kusa. Yumɓu yana riƙe ƙazanta, rairayi yana sakinta. Inda dutsen ƙasa yake da tsaga, ruwan yakan bi tsagar ya yi nisa ba tare da ya tacu ba. Shi ya sa maƙwabta biyu za su iya samun sakamako daban.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta "ruwanmu garau yake, ba wari". Dalma ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano a ruwa, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara taɓawa. Haka sinadarin naitiret, wanda ke hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret kada ya wuce miligiram 50, kuma kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100. Ido ba ya ganin wannan.

Tafasawa fa? Tana kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kada a daina. Sai dai ba ta cire dalma ko naitiret. Idan ruwan ya daɗe a wuta ya ƙafe, ƙara musu ƙarfi ma yake yi. Alif kuma laka yake kwantarwa.

Masu rijiyar burtsatse kada su saki jiki. Zurfi yana taimakawa, amma idan mai haƙa bai toshe gefen bututun da siminti ba, ruwan sama-sama zai bi jikinsa ya sauka. Kuma jujin da aka binne aka yi gini a kansa yana ci gaba da tsiyaya shekaru da yawa.

Jama'ar unguwa, ku haɗa kuɗi ku kai ruwan rijiyoyinku ɗakin gwaji na hukumar ruwa ko na jami'a, sau ɗaya da rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, ku ce a duba ƙwayoyin cuta da naitiret da dalma. Kafin sakamako ya fito, kada a dama wa jariri koko ko madara da ruwan rijiyar da ke gangaren juji.