Ciwon Ebstein: Abin da ya kamata a sani tun kafin ciki ya shiga

A shekarar 1866 wani likita Bajamushe mai suna Wilhelm Ebstein ya wallafa sakamakon binciken da ya yi wa zuciyar wani saurayi ɗan shekara 19 da ya rasu bayan ya daɗe yana fama da ƙarancin numfashi. Ya tarar bawul ɗin da ke tsakanin ɗakin sama da ɗakin ƙasa na gefen dama bai zauna a mazauninsa ba. Ya zame ƙasa, jini yana komawa baya. Daga nan ciwon ya samo sunansa.

Ba ciwo ba ne da ake yawan gani. Bai kai kashi 1 cikin 100 na cututtukan zuciyar da ake haihuwar jarirai da su ba. Wani jaririn leɓɓansa da farcensa kan yi shuɗi tun ranar haihuwa, wani kuma sai ya girma kafin yawan gajiya ko bugun zuciya marar tsari ya tona ciwon.

Zuciyar ɗan tayi tana kammala siffarta cikin makonni 8 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Saboda haka maganar haɗari ta kafin ciki ce, ba ta ranar fara awo ba.

Abin da aka fi dangantawa da ciwon shi ne litiyom, maganin da likitocin ƙwaƙwalwa ke bai wa masu larurar da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi da matsananciyar damuwa. Rahotannin shekarun 1970 sun ce yana ninka haɗarin har sau 400, amma daga baya aka gane an zuzuta adadin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, wanda ya duba ciki fiye da miliyan 1.3, ya sami lahanin zuciya iri-iri a jarirai 24 cikin 1,000 na matan da suka sha maganin a watanni ukun farko, a sauran kuwa kimanin 12 cikin 1,000. Haɗarin ya fi tsanani ga masu shan fiye da miligiram 900 a rana.

Ma'anar wannan ita ce haɗarin gaskiya ne, amma bai kai yadda aka tsorata mutane ba. Macen da ke shan litiyom kada ta yanke shi da kanta don ta ga alamar ciki, domin yankewa farat ɗaya na iya dawo da larurar da ƙarfi, ita da abin da ke cikinta su shiga haɗari. Likitan ƙwaƙwalwa da likitan mata su ne za su daidaita mata adadin.

Na biyu shi ne gado. An sami iyalan da ciwon ke bi, kuma a wasunsu an gano sauyi a ƙwayar gadon da ake kira MYH7. Duk wanda aka taɓa haifa masa jariri mai lahanin zuciya a dangi na kusa, miji ne ko mata, ya faɗa wa likita tun zuwan farko, don a duba zuciyar ɗan tayin da na'urar hoto tsakanin mako na 18 da na 22. Ma'aikaciyar da aka sauya wa wurin aiki tana da ciki ta tafi da katin awonta da sunayen magungunanta zuwa sabon asibiti.

Sai dai yawancin jariran da ake haifa da wannan ciwo ba a gano musu wani dalili. Uwar da ta sami kanta a haka ba laifi ta yi ba, kuma bai dace dangi su ɗora mata ba. Akwai magani, akwai tiyatar gyaran bawul, kuma da yawa daga cikin yaran suna girma su yi karatu su kama aiki.