Ciwon Wuyan Hannu: Yadda Na Canja Linzamin Kwamfuta

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta masu wuni gaban kwamfuta. Wani abu ne ya same ni bara, na ga bai kamata in yi shiru ba.

Sana'ata tsara katin biki ce a wani shagon buga takardu, kuma duk wadda ta san aikin ta san hannu ba ya sauka daga kan linzamin kwamfuta, wato ɗan abin nan da wasu ke ce wa maus, wasu ɓera. Ana saura wata guda azumi, bukukuwa sun yi yawa, sai wuyan hannuna ya fara zugi. Na share. Can kuma sai cikin dare babban yatsa da manuni da na tsakiya su mutu, in farka ina yarfe hannu. Ranar da muciya ta suɓuce mini ina tuƙa tuwo, Inna ta ce, "Ke 'yar nan, sanyi ne ya kama ki, shafa man zafi." Na shafa har kwalba ta ƙare, shiru. Wallahi hankalina ya tashi, don da hannun nan nake biya wa ƙanwata kuɗin makaranta.

Likita ce ta warware mini. Ta ce a wuyan hannu akwai wata 'yar matsattsiyar hanya, jijiyar da ke kai ji ga yatsun nan tana bi ta ciki tare da wasu jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu, in wurin ya kumbura sai ta matsu. Abin ya fi kama mata, kuma juna biyu ko ciwon suga kan jawo shi, saboda haka ba kullum ne laifin kwamfuta ba. Ta ba ni abin ɗaure hannu da dare, ta ce in gyara riƙon linzami.

Gwada ki gani. Kife tafin hannunki a kan tebur: ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu sun harɗe ke nan, kuma haka muke wuni da linzami na gama-gari. To juya shi kamar kin riƙe kofin shayi. Kin ji ya sake? Don wannan aka ƙera linzami na tsaye.

Sai dai a nan na tafka kuskure. Na shiga kasuwa na ga wani baƙi mai walƙiya, ya burge ni, ko taɓa shi ban yi ba na biya. Ashe na manyan hannuwa ne. Sai na miƙe yatsu kafin in kai ga maɓalli, cikin kwana uku ciwo ya ƙaru. Yayana ya yi ta dariya, ya ce, "Ke da ba ki sayen takalmi sai kin gwada?"

Girma shi ne magana. Kamfanin Logitech ya fito da MX Vertical a 2018, mai karkata digiri 57, amma ya fi dacewa da babban hannu. A 2022 ya fito da Lift don ƙanana da matsakaitan hannuwa, har da na bahagwai. Suna da tsada, kuma akwai masu araha da yawa. Ko wanne ne, ɗora hannu a shagon: yatsu su kai maɓalli ba miƙewa, maɓallin ya danne ba ƙarfi, ƙaramin yatsa kada ya riƙa gogar tebur. Akwai kuma mai ƙwallo da ake murzawa da babban yatsa, ni dai bai karɓe ni ba.

Makon farko da sabon na sha haushi, kibiya sai ta wuce inda na nufa. Na daure. Na ɗaga kujera har gwiwar hannu ta daidaita da tebur, na daina danne wuyan hannu a bakinsa, ina cire awarwaro kafin aiki, ina ɗan hutawa tsakanin kati da kati. Amma in yatsunki na mutuwa da dare, ko abu na faɗuwa daga hannunki, asibiti za ki fara zuwa kafin kasuwa.

Baƙin nan mai walƙiya yana wurin Yaya, hannunsa ya cika shi. Ni kuwa Inna ta mayar mini da muciyata.