A Bar Yara Su Yi Yanka

Duk wanda ya tsaya a bakin filin makaranta a Dayi ko Malumfashi bayan la'asar ya san ihun nan: "Ba da fasin, kai marowaci!" Yaro ɗan shekara 9 ya ja ƙwallo zai yanke abokinsa, koci ya daka masa tsawa, wani ma har ya sa shi zagayen fili. Wai yanka son kai ne.

Haba jama'a! Yaron da bai iya riƙe ƙwallo a gaban mutum ɗaya ba, wane fasin zai bayar? Doka ta kawai zai yi don ya rabu da ita, saboda tsoron tsawa. A yi lissafi: yara 22, ƙwallo ɗaya, minti 60. Ko an raba daidai, kowa bai kai minti 3 da ita ba, balle ƙaramin da aka jefa baya yana cizon yatsa. Shi ya sa daga kakar 2024/25 hukumar ƙwallon Jamus ta wajabta wa mafi ƙanƙantar yara wasan biyu-da-biyu ko uku-da-uku. Ahmed Musa, wanda ya taka leda a Kano Pillars, da ya ci Ayisland ƙwallo biyu a 2018, ai ta biyun sai da ya tsere wa ɗan baya, ya yanke gola, sannan ya zuba ta a raga.



Maganin shi ne atisayen ɗaya-da-ɗaya. A shata fili taku 15 da 10, a aje silifas bibbiyu a matsayin raga. Yara biyu su kara na minti 1, su fita su huta, wasu biyun su shiga, domin wasan yana cin numfashi. A haɗa su bisa girman jiki, a riƙa sauya abokin karawa. Mai ƙwallo ya gwada ƙafar hagu. Mai tarewa ya karkace jiki, ya jinkirta, kada ya faɗa da ƙafa. In an ƙwace wa yaro, koci ya kame bakinsa daga tsawa, ya ce ya sake. Ƙarancin ƙwallaye ma matsala ce, amma guda 4 sun isa wannan atisayen.

Idan kuma gonar da aka girbe ce filin, a tone kututturen dawa da masara tukuna, tunda yawancin yaran ba takalmi suke bugawa.