Tatsuniya a Cikin Na'ura: Wasan Aurion da Yadda 'Yan Wasa Suka Karɓe Shi

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun saba kasa adabin Hausa gida biyu, watau na baka da rubutacce, daga baya kuma aka shigo da na fim. Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan wata hanyar ba da labari wadda ba mu faye kula da ita ba, watau wasan kwamfuta. Duk wanda ya ratsa Kawo ko Badarawa ko Unguwar Rimi a nan Kaduna da maraice, zai tarar da ɗakunan da samari ke kira gidan gem, inda suke biyan kuɗi su zauna gaban talabijin suna wasa. Labaran da ke cikin waɗannan wasanni kusan duk na Turai ne ko Amurka ko Japan. Saboda haka aka zaɓi wani wasa da aka ƙaga a maƙwabciyarmu Kamaru, mai suna Aurion: Legacy of the Kori-Odan, don a duba yadda aka gina shi, da yadda aka karɓe shi, da kuma darasin da ke ciki ga masu nazarin Hausa.

2.0 Irin Wasan

Aurion yana cikin rukunin da za mu iya kira wasan shiga rigar jarumi. A nan mai wasa shi ke tafiyar da tauraron labarin. Shi ke zaɓen inda zai nufa, da wanda zai yi magana da shi, da makamin da zai riƙe. Duk abokin gābar da ya kayar, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya kai ga babban maƙiyi a ƙarshe. Faɗan kuwa ba jiran layi ake yi ba, mai wasa ne ke kai sara da kaucewa da yatsunsa nan take.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Alal misali, a labarin Bayajidda, jarumin ya baro Bagadaza, ya zauna a Barno, ya biya ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya. Tafiya, da neman makami, da babban maƙiyi, da lada, duk ga su nan. Haka kuma littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya ɗauki jaruminsa daga yaƙi da Turawa ya kai shi duniyar aljannu. Bambancin kawai shi ne, mai sauraren tatsuniya yana jin abin da jarumi ya yi, mai wasa kuwa shi ke aikatawa.

3.0 Asalin Aurion da Labarinsa

Olivier Madiba ne ya faro tunanin wasan tun 2003, sannan aka kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde a 2013. Matasan sun yi aiki cikin matsalar da kowa ya sani a nan, watau ɗaukewar wutar lantarki da ƙarancin jari. A 2015 suka nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter, suka tara kusan Yuro 50,000. Wasan ya fito ranar 14 ga Afrilu 2016 a kasuwar intanet ta Steam, cikin Faransanci da Ingilishi.

Labarin ya shafi Enzo Kori-Odan, yariman birnin Zama. A ranar da za a naɗa shi sarauta kuma a ɗaura masa aure da Erine Evou, sai ɗan'uwan amaryar, Ngarba, ya yi masa juyin mulki. Ango da amarya suka shiga duniya suna neman magoya baya don su ƙwato gadon sarauta. Ƙarfin da Enzo ke yaƙi da shi, wanda ake kira Aurion, daga kakanninsa yake samo shi, ita kuwa Erine tana taimakonsa da magani da tsafi a fagen fama. Jigon dai shi ne gado, da rikicin surukuta, da hakkin da ke kan mai mulki.

4.0 Yadda Aka Karɓe Shi

Za a iya kasa ra'ayoyin 'yan wasa da masu sharhi gida uku.

Na farko, yabo. An yaba zanen wasan, wanda aka yi da hannu, da tufafi da gine-gine da kiɗa masu kama da na Afirka. An kuma yaba salon faɗan saboda saurinsa. Ga mutanen da suka gaji da dodanni da mayaƙan Turai masu sulke, wannan sabon abu ne.

Na biyu, suka. Abin da aka fi kuka da shi shi ne harshe. Da Faransanci aka tsara labarin, fassarar Ingilishin kuwa ta zo da kurakurai da jimloli masu nauyi, ga kuma dogayen zantuka da dole mai wasa ya karanta kafin ya koma fagen fama. Wasu kuma sun koka da wuyar sarrafa jarumin a wuraren tsalle da hawa. Abin lura a nan shi ne, wasan da ƙarfinsa ke cikin labari, a wajen isar da labarin aka fi kama shi da rauni.

Na uku, waɗanda wasan bai isa gare su ba. An sayar da shi ne don kwamfuta, ta hanyar biyan kuɗi da katin banki a intanet. Gidajen gem na Kaduna kuwa na'urar PlayStation suka dogara a kai, kuma wasan ƙwallo da na dambe sun fi ciniki, domin mutum biyu za su kara cikin minti kaɗan a tashi a ba wasu wuri. Wasan da ke bukatar mutum ɗaya ya shafe sa'o'i masu yawa bai dace da wannan ciniki ba. Shi kansa kamfanin daga baya ya juya ga wasannin wayar hannu, irin su Le Responsable Mboa, domin waya ce ke hannun jama'a.

5.0 Darasi ga Masu Nazarin Hausa

Kada a zaci zancen ya yi mana nisa. A 2021 wasan yaƙin dabaru na Age of Empires III ya shigo da Hausawa cikin al'ummomin da ake wasa da su, da Sarauniya Amina a matsayin shugaba. A 2025 kuma wasan Civilization VII ya sa Amina cikin shugabanninsa. Watau tarihinmu ya riga ya shiga na'ura, sai dai a ƙasashen waje aka tsara shi, su suka zaɓi abin da za a nuna da abin da za a bari.

Kayan aiki kuwa muna da su. Gidan Arewa da ke nan Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, suna ɗauke da takardun da za su ishi mai tsara wasa. Abin da ya rage aikin masana harshe ne da adabi: ƙirƙiro kalmomin wasa da Hausa, da rubuta gajerun zantuka masu armashi, da sa murya maimakon dogon rubutu, tun da al'ummarmu ta fi sabawa da saurare.

6.0 Kammalawa

Aurion ya nuna cewa ƙaramin kamfani a Afirka zai iya gina wasa a kan al'adun gida har duniya ta yaba. Ya kuma nuna cewa kyan zane ba ya rufe raunin harshe, kuma wasa ba ya isa ga jama'a sai ta na'urar da suke riƙe da ita. Shawarar wannan maƙala ita ce sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da sassan kimiyyar kwamfuta, a fara da ƙaramin gwaji ɗaya na wayar hannu a kan labarin Bayajidda ko Ganɗoki, a kai shi ga samarin gidajen gem, a rubuta abin da suka ce.